Ruwan da Ya Rage Cikin Tiyo

Rijiyar da ke bakin zaurenmu a Gaya ubana ne ya haƙa ta. Sana'arsa ke nan, kuma daga Bana har Yelu akwai garuruwan da har yau ruwan hannunsa suke sha. Tamu ita ce ta ƙarshe da ya yi. Zurfinta gaba goma sha ɗaya, ruwanta ba kanwa, ba laka. Bai bar ɗa namiji ba, sai ni, shi ya sa da ya rasu kula da ita ta dawo kaina. Ni ke kiran masu yasa kowace bazara, ni ke sauya itacen bakinta in ya ruɓe, ni ke korar mai wanki in ta matso kusa. Maigidana a hannun Baba ya koyi haƙa, a nan ya gan ni, kuma da aka yi aure gidan da ke kallon namu ya gina, don haka ban taɓa nisa da ita ba. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, jikata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. Amma in maganar ruwa ce, ban ga wanda zai koya mini ba a garin nan.

Pompo ya zo mana cikin shekarun ƙarshe na mulkin Anasara, lokacin da kamiyoyin gyaɗa, manyan motocin kaya, ke cika bakin gulbi suna jiran a ƙetarar da su Dahome. An kafa inji a gulbi, yana tura ruwa zuwa shato, wato babbar randar siminti da aka gina bisa tudu. Daga shato tiyo biyu, wato bututun ƙarfe, suka gangaro ƙarƙashin ƙasa. Ɗaya ya bi ta gidan kwamanda, Anasaran da ke mulkin garin, da gidan likita, wanda muke kira lokotoro, da lakwal, sannan ya miƙe doguwar gangara har unguwarmu. Ɗayan ya bi ta kasuwa. An ce a bayan unguwarmu, wajen tsamiyoyi, za su haɗu baki da baki.

Maigidana ne shugaban masu haƙan ramin tiyon. Wata rana ya dawo tun kafin azahar, ya zauna gindin bango, na kai masa fura bai taɓa ba. Sai da na yi ta binsa kafin ya faɗa mini. Sun kai tsamiyoyi, dagi ya tono itatuwa a jere, ƙarƙashinsu ƙasusuwa. Tsohuwar maƙabarta ce, tun ta mutanen da suka riga kakanninmu, an daɗe da daina binnewa har wurin ya baje. Anasaran da ke duba aikin yana Doso, zazzaɓi ya kwantar da shi. Shef ɗin da ya bari a madadinsa, wato mai kula da aikin, mutumin Dahome, ba Musulmi ba ne, amma da ya leƙa ramin ya ce shi ma ba da shi ba. Suka mai da ƙasa. Suka toshe bakin tiyon nan da murfin ƙarfe, suka toshe na kasuwa daga can ƙetare, tsakaninsu taki arba'in. Tiyon da ya kamata ya shiga tsakani suka binne shi a gefen rami, suka kakkarce saman ƙasar wurin don ta yi kama da inda aka haƙa aka rufe. Duka suka yi rantsuwa ba mai faɗa. Ni ma ya karɓi maganata, na ba shi.

Aka buɗe pompo. Gardi, ɗan sandan kwamanda, ya kawo mini mabuɗinsa, don an ce ni ce mai ruwan unguwa. Ina buɗewa da safe, ina buɗewa da la'asar. Ban ƙi shi ba. Mai ciki da tsohuwa sun huta da jan guga, wannan gaskiya ce. Sai dai na lura da halinsa kamar yadda nake lura da na rijiya. In inji ya lalace ruwa ya yi ƙasa a shato, gardi yakan je ya murɗe makullan da ke ƙasan lakwal da na kasuwa, don na tudu su samu. Ranar farko da aka yi haka na ɗauka pompo zai ɗauke nan take. Bai ɗauke ba. Ya ci gaba da zuba a sanyaye, har aka cika tuluna da yawa, sannan ya yi tari, ya kawo ruwa ja, ya mutu. Karo na biyu na ƙirga. Karo na uku na sake ƙirgawa. Talatin da huɗu ne, da tulun da muke ɗauka a ka. Ruwan da ke kwance cikin doguwar gangarar nan ne yake tsiyayowa. Daga nan duk ranar da aka rufe na san gida nawa zan ba, saura in ce su je rijiya.

Shekara uku muna haka. Sai wata safiya gardi da tafinta suka biyo unguwa da bokitin farar ƙasa, suna shafa alama a bakin rijiyoyi. Tafintan ɗan garin nan ne, da uwarsa muka yi tashen ƴan mata, Gwaggo yake ce mini. Da suka zo tamu bai kalle ni ba.

Na ce, "Ɗan nan, me kuke shafawa?"

"Gwaggo, umarni ne. Lokotoro ya ce rijiyoyin da ba murfi su ke kawo sauro da zawo. Tunda ga pompo, za a cike su."

"Ka sha ruwanta tun kana rarrafe. Ga ka nan da wuya kamar na sa."

Gardi ya yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce dattawa sun je sun roƙi kwamanda, sun ce pompo yakan ɗauke. Kwamanda ya ce akwai wani mai zuwa daga Yamai da zai gwada tiyon duka, ya ga in wani wuri ya fashe ko ruwa zai ci gaba da isa ko'ina. In ya ce zai isa, a cike rijiyoyin. In ya ce ba zai isa ba, a bar su. Ya shafa alamar, suka wuce.

Da maigida ya dawo na jira ya ci abinci.

"Malam, sun shafa wa rijiyar Baba farar ƙasa."

"Na gani."

"In mai zuwan nan ya san bakin bai haɗu ba, ba za su cike ta ba."

Ya daɗe yana wanke hannu. "In ya sani, zai ce a haƙa ta kan mutanen nan. Kuma ni za a miƙa wa dagi. Kin ba ni magana."

"Na ba ka."

Na kwashe kwanuka.

Mutumin ya zo cikin bazara. Ba tsoho ba ne, dogo ne, wuyansa ya yi ja da rana, yana yawo da wata babbar takarda da yake naɗewa kamar tabarma. Yadda yake aikinsa ba wuya a gane. Zai sa a murɗe makulli ɗaya, kamar a ce tiyo ya fashe a wurin, sai ya bi pompo pompo yana duba wa ya samu ruwa, wa ya rasa. Ya rubuta. A buɗe wannan, a rufe na gaba. Kwana biyu ya yi a tudu. Na aika aka tambayo mini matar mai dafa abincin lakwal yadda yake yi. Ta ce yana buɗe pompo, ya kunna sigari, ya duba agogo, in sigarin ya ƙare ruwa na zuba sai ya rubuta ya wuce. Na tambaya ko tulu nawa za a cika kafin sigarin ya ƙare. Ta ce ba su wuce uku ba.

Ranar da aka ce gobe zai zo mana, da la'asar na bi gidaje na ce wa mata kowa ta juye tulunta a randa, ta zo da shi wofi da hantsi, in tana da biyu ta kawo biyu. Suka tambayi dalili, na ce za a rufe ruwa, ban san yaushe za a buɗe ba. Ba ƙarya na yi ba.

Ya iso da hantsi shi da tafinta, ya tarar da mata a jere har bakin masallaci. Ya tambaya ko biki ake yi. Tafinta ya ce masa ga mai mabuɗi. Ya ɗaga hula ya ce mini madam. Sannan ya tsuguna, ya ɗauki kara, ya zana layi ɗaya a ƙasa. Ya ce in ruwa hanya ɗaya yake bi, aka yanke nan, duk na ƙasa sun rasa. Ya share, ya zana zobe. Ya ce in zobe ne, aka yanke nan, ruwa sai ya zagayo ta can. Ya buɗe takardarsa ya nuna mini da yatsa, ga shato, ga lakwal, ga kasuwa, ga mu, layin ya zagayo ya haɗu sumul ta tsakiyar tsamiyoyi. Tafinta yana ta ƙoƙarin sauƙaƙa mini, na ce masa ya huta, na gane tun daga zanen farko. Gonar da ke da hanya biyu, in rafi ya cika ta nan sai ka bi ta can. Tunanin mai kyau ne, har yau ina faɗa. Abin da ke cikin takardarsa ne kawai babu a ƙasa.

Gardi yana can ƙasan lakwal. Aka ɗaga masa ƙyalle, ya murɗe makulli, ya ɗago nasa. Anasara ya buɗe pompo da hannunsa. Ruwa ya zubo, ba ƙarfi. Ya ce ai dole ya yi rauni, hanya mai nisa ya zagayo. Ya kunna sigari. Ruwa na ta zuba a ƙasa, mata na kallo suna tsaki, don bai bari a tara ba. Na tara hannuna na ɗanɗana. Sigari ya ƙare, ya rubuta, ya fara naɗe takarda.

Na ce wa tafinta, "Ka ce masa ya zauna."

"Gwaggo, ba a ce musu haka."

"To ka ce masa yadda ake ce musu. Ruwan nan ba na kasuwa ba ne."

Ya faɗa. Mutumin ya juyo ya tambaya yaya aka yi na sani. Na ce tiyon kasuwa bisa dutse ya bi, ba a binne shi da zurfi ba, duk wadda ta taɓa ɗiba a can da hantsi ta san ruwansa ɗumi gare shi kamar na wankan jariri. Wannan sanyi ne. Wanda ya kwana cikin gangara ne yake tsiyayowa, kuma zai ƙare. Ya tambaya yaushe. Na ce tulu talatin da huɗu.

Tafinta ya yi murmushi kafin ya mayar masa da harshensu. "Gwaggo, ko za ki ce wajen talatin? In bai yi daidai ba, ni zai harara."

"Talatin da huɗu na ce."

Anasara ya duba agogo, ya dubi layin mata, ya dubi takardarsa. Aka kife masa turmi a inuwar bango, ya zauna. Na tsinci tsakuwoyi na zuba a gefen zanena. Duk tulun da ya cika, in ajiye ɗaya a bakin dakalin pompo inda zai gani.

Abin ya ɗauki lokaci, don ruwan a hankali yake zuwa. Mata suka gaji da shiru. Maƙwabciyata, Badenda ce mai baki, ta ajiye wani ɗan tulu da ƴarta ke koyon ɗauka da shi.

Na ce, "Ƴar uwa, wannan ba ya shiga ƙirga."

"Me ya yi miki? Ruwa yake sha kamar kowa."

"Ki kawo uwarsa."

"Uwarsa ta fashe tun ranar da kika sa mu layi cikin rana kamar masu jiran allurar lokotoro."

Ta ɗauke shi dai, aka ara mata babba. Wata tsohuwa ta tambayi tafinta ko baƙon yana da mata, don wuyan rigarsa ya nuna ba mai wanke masa. Tafinta ya ce ba zai mayar da wannan ba. Baƙon ya tambaya me aka ce, ya ce masa ana yi masa sannu da rana.

Tsakuwa ashirin, ruwa na zuba. Baƙon ya kunna sigari na uku. Na ga yana kaɗa ƙafa. A ashirin da biyar ya ce wani abu, tafinta ya ce wai yana da sauran wurare. Na ce ya tafi in yana so, amma in ya rubuta abin da bai gani ba, hannunsa ne a takardar, ba nawa ba. Ban san yadda aka mayar masa ba. Bai tashi ba.

A ashirin da takwas pompo ya yi tari. Mata suka matso. Ya tofo iska, ya kawo ruwa ja, ya ci gaba siriri. Mutumin ya miƙe ya zo ya tsaya kusa da ni. Na talatin ya cika da ƙyar. Na talatin da ɗaya muka daɗe muna kallonsa, ruwa kamar zare, har ya kai wuya, sannan ya koma ɗigo, ya tsaya. Ya murɗa kan pompon hagu da dama, ya ɗora kunne a jikinsa. Babu komai.

Tafinta ya ƙirga tsakuwoyi. "Gwaggo, saura uku. Kin yi kuskure."

Na nuna masa lakar da ke gaban dakali, inda ruwa ya yi ta zuba lokacin sigarin farko. Ya mayar. Anasara ya dubi lakar, ya sunkuya da kansa ya tsinci tsakuwa uku ya ɗora a kan sauran.

Sai ya tambaye ni ko na san inda hanyar ta yanke. Na ce ruwa aka damƙa mini, kuma na faɗi abin da na sani game da ruwa. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ni na binne ba. Ya naɗe takardarsa ya tafi.

Washegari aka kira masu haƙa, maigidana a gaba. Ni ban je ba, mata ba sa zuwa wurin, daga bakin tafinta na ji sauran. Mutumin ya bi layin da sandar ƙarfe yana soka ƙasa har ya kai tsamiyoyi, ya ce a buɗe nan. Suka buɗe, ga bakin tiyo da murfinsa, ga sauran tiyon kwance a gefe sun yi tsatsa. Ya ce a ci gaba. Maigida ya kafa dagi a ƙasa ya tsaya, ya ce shi ne shugaba a wancan lokacin, shi ya ce a tsaya, kuma yau ma nan zai tsaya. Liman yana wurin, ya faɗi abin da ke gaba, wato maƙabarta. Tafinta ya ce mutumin ya yi faɗa da harshensu, dogon faɗa, yawancinsa a kan wanda ya zana layin ba tare da ya zo ya gani ba. Da ya gama sai ya fita daga inuwar itatuwan, ya zagaya ta bayansu yana ƙirga taki har ya kai bakin tiyon kasuwa. Ya zauna ya share layin da ya ratsa tsakiya, ya zana wani mai lanƙwasa. Sabuwar hanyar ta ninka tsohuwar fiye da sau biyu, tiyon da aka tono ba zai kai ba, sai an aiko da wani daga nesa. Ya rubuta cewa zoben bai rufe ba, in gangarar lakwal ta fashe unguwar ƙasa ba ta da ruwa ko kaɗan, saboda haka a bar rijiyoyinta har ranar da aka haɗa.

Maigida kuwa ba a sake kiransa aikin bariki ba. Shef ɗin Dahome ya daɗe da komawa garinsu, maigida kaɗai aka samu a ɗora wa laifi. Ya dawo da yamma ya jingine dagi a zaure.

Ya ce, "Ba ki faɗa ba."

"Ban faɗa ba."

"Amma kin tara tuluna."

"Na tara."

Ya ci tuwonsa. Daga ranar ya daina alwala da ruwan rijiya, tunda saboda ita na yi abin da na yi. Zai ɗauki buta ya tafi pompo, in na rufe ya jira la'asar ko ya ɗiba a masallaci. Ya koma haƙan rijiyoyi a ƙauyuka, yana kwana goma, ashirin, bai dawo ba.

Da damina ta yi ƙarfi ruwa ya zaizaye kwazazzabon da ke ƙasan lakwal, tiyo ya rataya a sarari, ya karye. Kwana tara ana jiran abin gyara. Gulbi ya cika ya yi ja, hanyarsa duk taɓo. Unguwa uku a rijiyar Baba suka sha, tun asuba guga bai huta ba, igiya biyu muka tsinka. Matar tafinta ta zo, matan gardawa suka zo. Na sa su layi kamar kowa. Ruwan ya yi ƙasa har guga na taɓo yashi da yamma, kafin safiya ya dawo.

Tiyon da aka ce za a aiko bai zo ba har Anasara suka tafi. An haɗa zoben daga baya, shekaru da yawa, ta bayan tsamiyoyi, lokacin ba wanda ya tuna da maganar cike rijiya. Farar ƙasar ma tun daminar farko ta wanke.

Bazarar da ta biyo bayan daminar da tiyo ya karye, lokacin yasa ya yi, na aika a kira mini mutanen da na saba kira. Kafin su zo na fito na tarar da maigida a bakin rijiya ya tuɓe riga, yana ɗaura igiya a ƙugu. Ya ce jan da aka yi mata cikin damina ya sa gindinta ya zube ta gabas, ya ji a ƙarar guga, kuma waɗannan ba su san yadda Baba ya jera duwatsun ba. Ya miƙa wa ƙanensa bakin igiya, ya ce mini in kawo ƙwarya da kwando. Na kawo. Ya sauka.